Yawon Arba'in Ta Taga

Ranar Litinin, ashirin da uku ga watan Maris na 2020, muna zaune a falonmu na unguwar Gorton a Manchester kowa da farantin tuwo a cinya, Firaminista ya fito a talabijin ya ce daga yau kowa ya zauna a gida saboda korona. Shekarata goma sha biyu. Ƙanena Habibu ya gane hutun makaranta zai yi tsawo, ya daka tsalle har ya kifar da miyar kuka a kan kafet, kuma a karon farko a tarihin gidanmu ba wanda ya yi masa faɗa. Umma tana da tsohon ciki, ta miƙe kumburarrun ƙafafunta a kan kujera. Baba likita ne a wani asibiti a cikin gari, shi ko mamaki bai yi ba. Firaministan bai gama jawabinsa ba wayar Umma ta ɗauki ƙara, muka ga Kaka ce.

Kaka ita ce mahaifiyar Umma, tana zaune a Small Heath ta Birmingham a gidan Kawu Sani. Tun makon da ya gabata ta gama shiri: garin gero, kanwa, yajin jego da ta daka da hannunta, turaren wuta da zannuwan goyo. Ranar Asabar za a kawo mana ita ta zauna har arba'in, kamar yadda ta yi a haihuwata da ta Habibu. "Ni ma dokar ta shafe ni?" in ji ta. "Ai ba yawo zan je ba, jego zan je." Baba ya karɓi wayar cikin ladabi ya ce, "Hajiya, ke ta fi shafa." Kaka tana da asma mai tsanani, irin wadda sanyi kaɗan ke kwantar da ita. Bayan 'yan kwanaki likitanta ya kira ya ce ko ƙofar gida kada ta taka.

Ana gab da fara azumi Umma ta haifi mace. Aka sa mata sunan Kaka, Rabi'atu, mu kuma muka riƙa kiranta Ummi tunda Umma ba za ta iya kama sunan mahaifiyarta ba. Suna ne da ban taɓa ganin irinsa ba: an yanka rago a Kano ba mu ga ko wutsiyarsa ba, 'yan'uwa sun cika fuskar waya kowa yana magana a lokaci ɗaya, dabino kuwa ni da Habibu muka raba a tsakaninmu. Baba ya koma ƙaramin ɗakin da ke kusa da ƙofa saboda marasa lafiyar da yake dubawa. In ya dawo ta baya yake shigowa, ya tuɓe kayan aiki ya wuce wanka, mu ajiye masa abinci a bakin ƙofa kamar wani baƙo. Daga nesa yake leƙen 'yarsa, hannuwansa a aljihu.

To wa zai yi wa Umma jego? Kaka ba ta ɓata lokacin tunani ba. "Safiya," ta ce da ni, "daga yau ke ce hannuna." Na jingina wayar da gwangwanin sukari a kicin, Kaka tana kallona daga Birmingham tana ba da umarni. Kawu ya aiko mana da kayan nata ta gidan waya, na koyi dama kunun kanwa a kan murhu mai aiki da lantarki. Na farko ya yi gudaji, na biyu ya kama ƙasan tukunya har ƙararrawar hayaƙi ta tashi maƙwabta, na uku Umma ta sha ta ce ba laifi, amma na ga yadda ta runtse ido. Kaka ba ta ba da umarni da Turanci, don haka Hausata da a da take ɗingishi ta miƙe dole. Na koyi gasa cibiya da tsumma mai ɗumi, na koyi tallafe wuyan jariri, na koyi yadda ake ɗaure wa mai jego ciki. Kaka ta ce ruwan wanka sai ya tafasa, Baba daga bayan ƙofarsa ya ce a sirka, kanwa kuma a rage. Ni dai na tsaya a tsakiya, in ce wa kowa to, in yi abin da Umma za ta iya ɗauka.

Haka kwanakin suka riƙa tafiya. Da safe in buɗe kwamfuta malamar lissafi tana magana, ni kuwa na kashe kyamara ina shanya kayan jarirai. Da yamma ni da Habibu mu fita lungun bayan gida inda ake jera kwandunan shara, mu zana gidan carafke da alli, mu yi ta ihu da yaran gidan maƙwabciyarmu Mrs. Okafor ta saman katanga ba mai haurowa. Ranar Alhamis duk layin a fito bakin ƙofa ana tafi ana kaɗa tukwane don ma'aikatan asibiti, Habibu ya fi kowa kaɗawa, yana gaya wa duk wanda bai tambaye shi ba cewa babansa ake yi wa. Na gaji a lokacin, gajiya ta gaske, har akwai ranar da na shiga banɗaki na yi kuka saboda kwanuka. Amma ban taɓa bari Kaka ta gani a waya ba.

Da arba'in ta zo, gwamnati ta ɗan sassauta, ta ce mutum shida za su iya haɗuwa a waje muddin ba a matso juna ba. A al'adarmu mai jego takan ci ado ta zaga dangi da jaririnta, Umma kuma ta ce ko da taga ne sai ta yi. Ta sa atamfa, ta ɗaura ɗankwali, na tura keken Ummi muka bi gidajen mutanenmu a Gorton, washegari muka je Moss Side. Mu ƙwanƙwasa, mu ja baya, a ɗaga labule. Ɗaya daga cikinsu, Anti Binta, ta rataye mana ledar sabulu da 'yan riguna a ƙyauren shinge tana guɗa ta cikin gilashi. Birmingham kuwa Baba ya ce ba amfani, a yi doguwar tafiya da jaririya don a tsaya a titi. Ni kuma na kafe. Kullum in na kai masa abinci sai in tsaya a bakin ƙofar in ce, "Baba, mu biyar ne har da Ummi, doka ta ce shida." Har Allah ya sa ya gaji da ni, ranar hutunsa ya ɗauko makullin mota.

Mun tarar da Kaka a tagar falon Kawu ta ci ado kamar mai zuwa biki, har da kwalli. Ummi kuwa, bayan duk wahalar nan, barcinta ta yi daga farko har ƙarshe. Umma ta ɗaga ta, Kaka ta sa a buɗe mata ƙafafun ta gani, a juya mata ƙeya, a nuna mata cibiya, ta ce gashin cibiyar da na yi ya yi kyau. Sai Kaka ta ɗora tafin hannunta a gilashin. Da za mu tafi ta kira ni a waya, ga ta ga ni, ta ce a hankali, "Ba mutuwar nake tsoro ba, Safiya. Tsorona in tafi ban ji nauyin takwarata a hannuna ba." Muka shiga mota muka kama hanyar Manchester. A raina na ɗauki alkawari cewa yarinyar nan sai ta san Kaka, kuma sai Kaka ta ɗauke ta.

Daga ranar, kullum bayan la'asar in ajiye Ummi a cinyata in kira Birmingham. Kaka ta ƙwanƙwasa fuskar wayar da zobenta, ta yi mata wasa, ta zage ta da zagin kaka, ta ce mai kumatu kamar an cusa mata alkaki. Muka sa rai da Babbar Sallah, don an ce washegarinta masu irin ciwon Kaka za su iya fitowa. Umma ta soya cincin, an goge kaya, an zuba mai a mota. Ranar jajibere da yamma sai ga sanarwa cewa mutanen yankin Manchester kada su shiga gidan kowa, ko a ina gidan yake. Ban taɓa jin haushin gwamnati irin na ranar ba. A watan da ya biyo baya ana ta kiran jama'a su fita cin abinci a gari an rage musu farashi, sai ka ga gidajen abinci cike, amma falon kakata haramun ne a gare ni. Na tambayi Baba hikimar hakan, ya cire tabarau ya murza ido ya ce shi ma bai sani ba, amma gadajen asibitinsa ya sani, kuma ba zai kai wa Hajiya abin da yake gani a can ba.

Sanyi ya shigo, aka sake kulle gari, aka buɗe kaɗan, aka sake kullewa. Aminiyar Kaka ta layinsu ta rasu, ba a bar ta ta je ko gaisuwa ba. Duk lokacin da wayar Umma ta yi ƙara da sassafe sai in zaci mummunan labarin Kaka ne. Ummi ta yi zama, ta yi rarrafe, ta fito da haƙora, duk Kaka a waya ta gani. In doka ta ba da dama mukan je mu tsaya a tagar nan, Kaka ta ƙwanƙwasa da zobe, Ummi ta mari gilashin da hannu biyu tana ƙyalƙyala dariya. Aka yi wa Kaka allurar rigakafi ta farko, aka yi ta biyu. Sai a watan Mayu na 2021, kwanaki kaɗan bayan Ƙaramar Sallah, aka ce a shiga gidajen juna, har runguma an yarda.

Ranar da muka je, Ummi ta fara tafiya tana tangaɗi. Muka shiga falon da muka yi shekara muna leƙe, Kaka ta buɗe hannuwa ta ce, "Zo nan, takwara." Yarinyar nan ta dube ta sama da ƙasa, ta tsala ihu, ta cusa kai cikin zanin Umma. Ba laifinta ba ne, tunda aka haife ta ba ta san hannun kowa ba sai namu. Aka gwada biskit, aka gwada wasa, Kawu ya yi kukan akuya, duk a banza. Da farko Kaka dariya take yi tana cewa ƙiwa gadon gidansu Baba ce. Can sai dariyar ta ƙare. "Ku ƙyale ta," in ji ta, "ba ta san ni ba." Ta juya tana gyara mayafi, na ga ta share ido da bakinsa.

Raina ya ɓaci, don na san ba gaskiya ba ne. Na ɗauko takalman Kaka na ajiye a gabanta na ce ta fita waje. "A gidan ɗana za ki kore ni?" ta ce, amma ta sa takalman. Ta zagaya ta tsaya a bakin titi gaban tagar, ni kuma na ɗauki Ummi, tana ta shessheƙa, na tsayar da ita a dakalin tagar daga ciki. Kaka ta ƙwanƙwasa da zobe. Ummi ta yi tsit. Ta leƙa, ta ƙara leƙawa, sai ta mari gilashin tana dariya da hawaye a kumatu. Na murɗa hannun tagar na tura ta a hankali. Kaka ta miƙo yatsa ɗaya, Ummi ta kama ta riƙe gam. Ban tsaya shawara da kowa ba, na ɗaga ta na miƙa ta ta tagar, Kaka ta karɓe ta ta rungume a ƙirjinta. "Wayyo, nauyi!" ta ce. "Me kuke ba ta?" Mutanen da ke jiran bas a tsallake suka tsaya suna kallonmu, Umma tana kuka a bayana, Baba ya sami abin dubawa a silin. Ana yayyafi, amma sai da aka yi da gaske kafin Kaka ta yarda ta shigo ciki.

Yanzu Ummi tana firamare, bakinta Turancin Manchester zalla, in na ba ta labarin nan sai ta ce ƙarya nake yi, ita ba ta taɓa tsoron Kaka ba. Kaka ta goya ta har sai da ƙafafunta suka fara jan ƙasa, sannan Allah ya karɓi abarsa a shekarar da yarinyar ta shiga nursery. Ni kuma ina jami'a a Birmingham, bas ɗin da nake hawa yana bi ta Small Heath cike da mutane kafaɗa da kafaɗa, ba mai ƙirga kowa, ba mai ja da baya. Ba dokar da ta hana ni shiga gidan da na ga dama, sai dai sau da yawa nakan wuce layin su Kawu ban sauka ba, in ce sai wani makon. Ina kewar tsohuwar nan da zaginta, har ina kewar 'yar shekara goma sha biyun da ba ta jin a'a. Kaka dai ta ji nauyin takwararta kafin ta tafi, kuma wannan ya ishe ni.