Injin Zarton Tsohon Kafinta

Shekarar da na gaji da tsaga katako da zarton hannu, wani ɗan kabu-kabu ya ba ni labarin wani tsohon kafinta a Tasawa, mai injin zarto na tebur da ya daɗe a kulle. Na rufe rumfata a Gidan Amumune na tafi.

Na iske tsohon a zaure. Da muka gaisa sai na ji tafinsa bai cika hannuna ba, yatsa biyu kaɗai suka rage mashi a dama. Bai ɓoye ba. Ya ce, "Aikin injin ne. Taso ka gan shi."

Injin yana ɗakin da matarsa ke tara buhunan wake. Tsatsa ta yi wa teburin jawur, kusu sun cinye kurwa, wato igiyar robar da ke juya faifan zarton, zanzaro ya yi gini har cikin injin. Duk da haka na saya. Muna cikin ɗaure shi a mota sai ga tsohon da 'yar jakarsa.

"Baba, ina zuwa?"

"Inda za shi. Ba ka kunna shi sai na ga an yi wa faifan murfi."

Kwana shida ya yi a gidanmu. Muka jiƙa kusoshi da man gazuwal, muka kwance komi muka jera bisa tabarma. Ni ke gurzar teburin da yashi da tsumma, shi kuma ya zauna da magagari yana wasa haƙoran faifan ɗaya bayan ɗaya, ya maƙale shi tsakanin babban yatsa da ƙarami. Kurwa muka samu wajen mai injin niƙa. Matata kan dama mashi fura da nonon da Fulani ke kawowa, ya sha rabi ya koma aiki.

Rana ta huɗu haƙurina ya ƙare. Ana jirana da bencinan 'yan lakwal, ga komawar yara ta matso. Na ce, "Baba, mu fara hakanan mana, murfin ya biyo baya."

Ya aje magagarin. Na zaci faɗa zai yi, sai ya yi magana a hankali.

"Ɗana, da murfinsa na saye shi. Ni na cire, don yana ɓata mani lokaci. Ƙyaure nake wa wani, ga hadari ya taso, ina so in gama. Ko zafi ban ji ba sai da na ga katakon ya rine."

Muka je wajen mai walda, aka yanko bakin ƙarfe daga tsohon duro aka yi murfin. Sau uku tsohon yana mai da shi kafin ya yarda. Ya kuma sassaƙa mani sandar tura katako da icen aduwa.

Ranar kunnawa, ina tada injin wuta ya fice, ya tsaya gindin bedi ya ba rumfar baya. Faifan ya ɗauki kuka, na tura katakon farko, ya tsage kamar rake. Ina murna sai na ji ya ɗaga murya daga can.

"Kashe! Madogarar katakon ta karkace, yana cizon icen ta baya."

Na gwada da awo, haka ne kuwa. Ya dawo muka daidaita tare.

Washegari ya koma Tasawa. Da na gama bencinan, na yi mashi kujerar jingina na aika da ita. Bayan mako saƙonsa ya iso: ya gode, yana zama a kanta kullum, amma ƙafar baya ta hagu ta ɗara sauran tsawo, ya rage mata da kansa.