Taron da Muka Yi a Zauren Kawu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ne mutum na farko a unguwarmu da ya taɓa jirgin sama da hannunsa. A wancan lokacin garinmu bai zama Suleja ba tukuna, Abuja ake ce masa, kuma duk sa'ad da Kawu ya zo hutu daga Kaduna sai an shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, maƙwabta su taru suna tambayarsa yadda ƙarfe yake tashi sama. Ɗan dako ne a wani ƙaramin kamfanin jiragen haya. Shi ke loda akwatunan fasinja, shi ke sauke su, in jirgi ya tsaya ya sa masa waigi a gindin taya. Ya daɗe ƙwarai yana wannan aiki, tun ina goye, amma ba a taɓa ɗaukarsa aikin dindindin ba. Shi da abokan aikinsa 'yan kullum ake ce musu. Ka zo da safe ka yi aiki, da yamma a sallame ka, gobe kuma sai abin da Allah ya yi.

Shi ya kai ni wurin. Da na gama makaranta ya sa ni gaba har ofishin manaja, ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya durƙusa ya ce ga ɗansa nan, ya iya Turanci. Aka ɗauke ni akawu mai yankan tikiti, aka ba ni farar riga da kujera, kuma tun ranar farko na zama ma'aikacin dindindin. Daga nan ya daina kirana da sunana, sai Akawu.

Ban daɗe da kama aiki ba aka wayi gari da labarin cewa an haɗe kamfaninmu da wani na Legas wanda ya fi mu girma. Haɗewa suka kira abin, mu kuwa a wurinmu haɗiye mu aka yi. Aka sake wa jiragenmu fenti, aka turo sabon manaja, aka ce za a yi sabuwar yarjejeniyar aiki guda ɗaya ga kowa, kuma hukumar kamfani ba za ta zauna da ƙungiyoyin ma'aikata biyu ba. Sai mun haɗa kanmu mun zo da baki ɗaya.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne shekarun aiki. An ji raɗe-raɗin cewa mu mutanen Kaduna za a ɗauke mu kamar sababbi, kamar ranar haɗewar muka fara. Buƙatarmu ta farko ke nan, a ƙirga mana shekarunmu; ta biyu ita ce a mayar da 'yan kullum ma'aikatan dindindin. Ni aka zaɓa sakataren ɓangarenmu, don dai ina jin Turanci kuma hannuna yana da kyau a rubutu.

Sabon manaja ya hana taro a harabar filin jirgi. Muna neman inda za mu gana da mutanen Legas sai shugabansu, wani babban makanike Kirista mai furfura a gemu wanda kowa ke kira Oga, ya aiko cewa yana da ƙanwa mai shagon atamfa a garinmu, kuma garin yana kan hanyarsu ta zuwa arewa. Kawu na jin haka ya buga ƙirji.

"A gidana za a yi," in ji shi. "Baƙi su zo garinmu su zauna a ɗakin haya ina da zaure? Akawu, rubuta musu."

Muka riga su isowa. Kawu ya sa aka share zaure aka yayyafa ruwa, aka aro tabarmi da kujeru daga maƙwabta. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta tara matan gidan suka kwana biyu suna shiri. Ya yanka ragon da yake kiwo don layya. Na ce masa, "Kawu, da kun bar ragon nan, ai kaji ma sun isa." Ya dube ni ya ce, "Mutanen da za su sa a rubuta sunana a ofis bayan tsawon zamanin nan, su zan ba kaza?" Ya aika ƙauyen Chaza aka kawo doya, don ya ji an ce mutanen kudu sun fi son sakwara.

Ranar Asabar da hantsi motarsu ta tsaya a bakin layi. Yaran unguwa suka biyo su, dattawa suka fito suna yi musu barka da zuwa, wani ma ya tambaye ni a kunne wane ne direban jirgin a cikinsu. Kawu ya sa babbar rigarsa ta salla. Ya zauna daga bakin ƙofar zaure kusa da buta, ni kuma ina gefensa, don da Turanci ake magana, ni ke juya masa.

Da farko abin ya tafi lafiya. Aka yi maganar hutun shekara, da asibiti, da kayan aiki. Da aka zo kan shekarun aiki sai wani matashi cikin mutanen Legas ya miƙe ya ce in an ƙirga namu, wasu daga cikinsu za su koma ƙarƙashin mutanen Kaduna, kuma ba su zo nan don su sauka daga matsayinsu ba. Shugabanmu, wani dattijo mai kula da sito, ya mayar masa da zafi. Murya ta tashi har Inna ta leƙo ta bayan asabari.

Oga ya bari suka gaji, sannan ya yi magana a hankali. Ya ce ya riga ya ji ta bakin lauyan kamfani. Hukuma za ta iya yarda da shekarunmu idan ƙungiya ta tsaya a kai gaba ɗayanta. Amma maganar 'yan kullum ba za su saurara ba, don sun gama shawarar ba wani ɗan kwangila aikin dako. Ya ce in muka je da buƙatun biyu, za a tashi taron a rasa duka.

"Ni zan shawo kan yarana su yarda da shekarunku," ya ce. "Ku kuma ku janye ta 'yan kullum. Mu ma muna da su a Legas, har da ɗan wana a ciki. Ba daɗi nake ji ba."

Na daina fassara. Kawu ya taɓa gwiwata. "Me ya ce?"

"Ina zuwa, Kawu," na ce, na miƙe.

Na yi magana iya ƙarfina. Na ce mutanen nan su suka ɗauki kamfanin a kansu tun ba shi da komai, wasu sun tsufa a gindin jirgi, ba su da wata sana'a. Na ce a jinkirta, a nemi wata hanya, ko a tafi yajin aiki. Turancin ma yana suɓuce mini. Oga ya saurare ni har na gama, ya tambaye ni cikin ladabi ko na tabbata matuƙa jirgi za su bi mu yajin aiki saboda 'yan dako. Na dubi shugabanmu, sai na ga yana kallon tabarma.

Aka ce a ɗaga hannu. 'Yan kullum ba su da ƙuri'a, don ba cikakkun 'yan ƙungiya ba ne. Hannaye suka tashi, na Legas da yawancin namu. Ni da wani mai gadi muka bar namu a ƙasa, amma ba mu isa mu canza komai ba. Kawu da ya ga hannaye a sama sai fuskarsa ta washe, ya ce, "Alhamdu lillahi, an daidaita ke nan?"

Daidai lokacin yara suka fara shigo da abinci. Ƙanshin naman rago ya cika zaure. Oga ya juyo gare ni ya ce, "Sakatare, mai gidan nan ya cancanci ya ji daga bakinmu yanzu, kada ya ji a bakin manaja. Gaya masa."

Na sha jin kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin ta wannan rana ba. Zufa ta jiƙa mini riga. Ga akusa a jere a gabanmu, ga Inna tsaye a bayan asabari tana jira a yaba girkinta, ga dattawan unguwa a waje a kan dakali suna jin komai. Na durƙusa a gabansa, na kasa ɗaga kai.

"Kawu, an yarda za a ƙirga shekarun ma'aikatan dindindin."

"Madalla. Mu fa?"

"An janye taku. Za a ba ɗan kwangila aikin dako."

Ina kallon yatsun ƙafarsa, na ga sun lanƙwashe sun kama tabarma.

"Wato kai naka shekarun sun shiga."

"Sun shiga, Kawu."

"Nawa ba su shiga ba."

Wanda ya kai ni aiki jiya-jiya, a zaurensa, a kan tabarmarsa, aka ɗauki 'yan shekaruna aka ajiye nasa. Na ji kamar a buɗe ƙasa in shige.

Ya ɗauki buta ya miƙa wa Oga da hannu biyu. "Ce musu su wanke hannu," ya ce mini. "Abinci yana hucewa."

Aka ci, in dai za a kira wannan ci. Matashin nan da ya yi ta hayaniya ya ɗan taɓa ya janye hannu. Kawu ya yi ta zagayawa yana ƙara wa mutane nama, yana cewa in gaya musu kada su ji nauyi, gidansu ne. Ni kuwa loma ɗaya kawai na ci. Da za su tafi Oga ya kama hannunsa ya daɗe bai saki ba, ya faɗi wata magana da ban fassara ba, shi ma Kawu bai tambaya ba. Ya raka su har mota. Da ya dawo dattawan dakali suka sunkuyar da kai, ya yi musu sallama ya shige cikin gida.

Na shiga in yi wa Inna sai an jima. Tana kankare tukunya, ba ta juyo ba. Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Akawu." Ba ta taɓa kirana da wannan suna ba sai ranar.

Zaman da aka yi da hukumar kamfani a Kaduna ya ɗauki makonni. Ina ciki, ni ke rubuta abin da aka tattauna. Sau ɗaya na sake ɗago maganar 'yan kullum, lauyan kamfani ya ce ai ƙungiya da kanta ta janye ta, aka wuce. Abin da Oga ya iya ƙwato musu shi ne ɗan abin sallama da takardar shaidar aiki. Aka sa hannu, aka yi hoto. Shekarunmu suka shiga, aka ba mu asibiti, ni har aka ƙara mini girma. Ɗan kwangila ya zo da samarinsa, ya ce ba ya buƙatar tsofaffi.

Kawu ya tattara kayansa ya koma gida. Na je tasha in raka shi, ya ce in koma bakin aiki kada a neme ni a rasa. Ya karɓi gonar gado a Chaza ya shiga noman doya da dawa.

Na daɗe ban je gida ba. Salla ta zo na ce aiki ya riƙe ni. Ba tsoron faɗa nake yi ba, na san ba zai yi mini ba. Abin da na kasa shi ne in bi ta layin nan da farar rigata, dattawan da suka ji komai su amsa gaisuwata. Mahaifiyata ta aiko a gaya mini cewa ƙanenta yana tambayata, ban je ba. Sai da ta aiko cewa ita ce ba ta da lafiya sannan na hau mota.

Na tarar da ita garau tana tankaɗe. Ta ce, "Kawunka yana kasuwar Izom yau. Ka je ka same shi, kada ka zauna."

Na same shi a layin 'yan doya, ya rame ya yi baƙi, yana ciniki da wata mata. Da ya hango ni sai ya miƙe yana dariya, ya kama hannuna ya bi da ni rumfa rumfa.

"Ɗana ne," yake gaya musu. "Babban akawu ne a filin jirgi. Ni na kai shi."

Kowa ya miƙo hannu yana sa albarka, ni kuwa ina jin kowace gaisuwa kamar mari. Da muka koma rumfarsa ya juya kwando ya ba ni in zauna. Na fara cewa, "Kawu, game da ranar nan..." Ya ɗaga hannu.

"Na ga hannunka a ƙasa. Bar wannan. Ina labarin sauran?"

Abokan aikinsa yake nufi, 'yan kullum da aka sallama tare da shi. Gari ɗaya muke da yawancinsu, amma ban san inda ko ɗaya yake ba. Shi da ke ƙauye ya shiga gaya mini. Wane yana tura kura a babbar kasuwa, wane ya koma garinsu, wane yana gadi a wata masaƙa. Sannan ya ambaci wani dogo mai yawan barkwanci wanda suka fi shaƙuwa, ya ce ya ji labarin ciwon ƙirji ya kwantar da shi a Tudun Wada ta Kaduna, kuma tunda ba shi da katin asibitin kamfani, a gida yake jinya.

"Ni ba zan iya barin gona yanzu ba," ya ce. "Kai kana kusa. Ka je ka duba shi, ka ce ina gaishe shi. In kana da wanda ka sani a asibiti, ka yi masa magana."

Na ce to.

Washegari na koma Kaduna. Ban biya ta ɗakina ba, daga tasha na nufi Tudun Wada ina tambaya gida gida har aka nuna mini gidan dogon nan. Na same shi kwance a tsakar gida a kan tabarma, matarsa tana yi masa fifita. Ya daɗe yana kallona kafin ya gane ni, sannan ya yunƙura zai tashi zaune don akawu ya zo. Na roƙe shi ya kwanta, na zauna a ƙasa kusa da shi na isar da gaisuwar Kawu. Da safe na samo mota muka kai shi asibitin gwamnati, inda wani abokina na makaranta yake aikin jinya. Dogon ya yi wata guda a can, ya warke ya tashi.