Ranar Da Malam Bukar Ya Yi Gudu

Duk wanda ya san Malam Bukar a Kantin Kwari ya san ba ya gaisawa da mutum sai ya fara kallon ƙafarsa. Kai kana miƙa hannu, shi idonsa na kan ƙwaurinka, yana neman mai gudu. Usur kuwa ba ya barin wuyansa, ko ɗaurin aure za shi da babbar riga. Abin dariyar shi ne, shi kansa bai taɓa gudu ba. Tumbinsa kamar dilar atamfa, daga shago zuwa masallaci sai ya tsaya hutawa. In an tsokane shi sai ya ce, "Ni mai busa ne. Gudu na masu ƙafa ne."

Tare muka tashi a Fagge, shagona kuma na jikin nasa. Ɗana Abba ne ya haɗa mu rigima. Kun san yadda muke a Kwari: in mai saye ya nemi kalar da babu a shago, sai a ruga sito a ɗauko kafin ya gaji ya yi gaba. Da Abba ya gama sakandare shi nake turawa, kafin baƙo ya shanye ruwan da aka ba shi har ya dawo. Bukar ya yi ta kallo, rannan ya ce:

"Alhaji Sani, yaron nan jami'a zai tafi."

"Da wane kuɗin? Kana ganin kasuwar."

"Da ƙafarsa. Jami'a na neman masu tsere. In zai ci musu kofi, za su ɗauke masa kuɗin makaranta, su ba shi ɗaki."

Na ce, "Malam, a garin nan wa ke gudu in ba wanda kare ya biyo ba?"

Ya daina yi min magana, amma bai daina shan shayina ba.

Bai jira yardata ba, ya ja Abba Kasuwar Sabon Gari wajen wani mai takalman gwanjo, Oga Chidi. Bukar ya tono takalmin tsere, ƙafa ɗaya kore, ɗaya fari, don sun fi araha. Oga Chidi ya ce, "Baba, ƙara kaɗan in ba ka masu kala ɗaya." Bukar ya ce, "Ƙafa ba ta da ido. Wanda ke bayansa ne zai ga kalar, shi kuwa ba mu nemi ra'ayinsa ba."

Kullum bayan asuba Abba na gudu, Bukar na binsa a babur yana busa usur. Sai da mutanen unguwa suka saba, da farko sun zaci kame ake yi.

Akwai wani Dakta, malami a jami'a, da ke sayen shadda a wajen Bukar. Ya zo sayayyar salla, cikin hira ya ce kuɗin da ake zubawa a filin wasa gara a sayi littattafai. Bukar ya ninke shaddar ya mayar kan kanta.

"Dakta, da yaranku suka ci tsere a Kudu, sunan makarantarku ya shiga rediyo, har wani kamfani ya gyara muku fili kyauta. Laburarenku ya taɓa shiga rediyo?"

Dakta ya yi dariya. "Malam, mai tseren ma in ya faɗi jarrabawa korarsa za mu yi."

Bukar ya ce, "Wannan gaskiya ce. Amma shadda sai ka zo kallon tsere." Kuma bai sayar masa ba sai da ya zo. Daga ranar usur ɗin ya sami aiki biyu: da safe gudu, da yamma a kora Abba kan littafi.

Ranar gwaji a jami'a na ce ba zan je ba. Na je, na laɓe a bayan jama'a. Da na hango ƙafa kore da fari sun wuce kowa, ban san lokacin da na shiga ihu ba, har hulata ta ɓata. Suka ɗauki Abba, ƙafarsa ta biya masa karatu har ya gama. Yau malamin wasanni ne, yana horar da wasu. Da na ce wa Bukar, "Kai ne da gaskiya," sai ya ce, "Na sani. Zuba shayin."

Da Allah ya yi masa rasuwa bara, Abba ya zo da ɗalibansa da duk samarin da Bukar ya tura jami'a da usur ɗin nan. Su suka ɗauki makara. An san sauri ake yi da gawa, amma ba irin wannan ba. Mu dattawan Fagge muka bi su muna haki, liman na riƙe da rawani. Wani a gefena ya ce, "Alhaji, yau dai Bukar ya yi gudu." Na kasa gane dariya nake yi ko kuka.

Allah ya jiƙan Malam Bukar, ya haskaka kabarinsa. Yadda ya riƙa tura 'ya'yan mutane gaba, Allah ya sa shi cikin waɗanda za su riga shiga Aljanna. Amin.