Shekarun Zoɓo Ba Sukari

Maigidana direban babbar mota ne, yana kwasar albasa daga Boɗinga zuwa Kudu. An kai ni gidansa a Shagari lokacin mulkin farar hula, garin na tashe, shinkafar waje har a tukunyar talaka. Duk dawowarsa sai ya zo da burodi da madarar gwangwani da sukarin kwali. Ya yi ƙiba, mata na zolayata wai na iya kiwo.

Sai ƙibar ta fara zubewa. Ya sha ruwa ya sake sha, maƙoshinsa a bushe, ga yawan fita kewaye. Da abin ya ƙi ƙarewa muka tafi asibiti a Sakkwato, aka ce ciwon sukari ne. Likitan ya rubuta ƙwayoyi, sannan ya juyo gare ni tunda ni ke girki. Ya ce in koma ga jar dawa da dusarta, da wake, da zogale, da yakuwa, da ɗanyar albasa, zoɓo kuma kar a sa masa sukari. Wai akwai wani abu a ganye da ɓawon hatsi, shi ke ba su bauri da launi, yana rage saurin da sukari ke shiga jini. Ya nanata cewa taimako ne kawai, kar a bar shan magani.

Ban ji komai a raina ba. A motar komawa gida tunanina ɗaya, ko awaki sun shiga madafi.

Haka muka koma kwaɗon zogale da tuwon dawa mai duhu. Yakan ci, ya kurɓi zoɓon ya yamutsa fuska. Da surukata ta zo daga Dingyaɗi ta buɗe akushinsa, sai ta dube ni.

"Wanga abu kika ba ɗana, kamar ana yunwa?"

"Inna, likita yac ce," in ji shi.

Ta rufe akushin, ba ta sake tayar da zancen ba.

Ya ɗan murmure kuwa, har ya koma hanya. Sai lokaci ya juya. Damina ta yi gardama, kaya suka ɓace daga kantuna, sojoji suka karɓi mulki, aka shiga bin layi don sabulu da madara. Maƙwabtan da ke tausaya mana a da suka fara sallama suna roƙon zogalen dangarmu. Ran nan yana zaune yana kallon wata tana tsinka, ya ce mini yanzu duk garin an kamu da ciwonsa ke nan. Ya yi dariya. Ni ina tankaɗe, na ci gaba da tankaɗena.

Ƙwayoyin ma suka ɓace. A je asibiti a ce babu, a je kemis a ce ba su zo ba. Ganyen kaɗai ya rage mana, na ƙara yawansa, ko da yake na san abin da likita ya faɗa. Idonsa ya fara hazo, mai motar ya karɓi makullinsa cikin mutunci. Ya koma taya ƙanensa ban ruwan albasa a fadama.

Wata rana ya dawo ya zauna, na ga jini a tabarma.

"Malam, mi as samu ƙafarka?"

"Wacce?"

Ƙaya ce ta huda takalminsa ta nutse a tafin ƙafar, da ita ya tako tun daga fadama bai sani ba. Na cire ta, na wanke wurin da ruwan gishiri, yana kallo kamar ƙafar wani ce. Gyambon bai warke ba. Aka kwantar da shi a Sakkwato, aka yanke yatsu, daga baya aka ce sai ƙafar duka. Bai kai ranar ba.

Masu gaisuwa suna ta ce mini in yi haƙuri, ina amsawa. Wata gwaggonsa ta ja ni gefe ta ce in yi kukana, kar ya zame mini ciwo. Na nema ban samu ba. Na yi ta share tsakar gida, ina wanke kwanukan baƙi.

Da na fita takaba yayana ya zo ya ɗauke ni da yarana biyu. Mun isa gidanmu a Boɗinga ana kiran la'asar. Innarmu ta shimfiɗa mini tabarma a ɗakinta, ta ajiye fura ta ce in sha, na sha.