Ɗan Ƙwallon da Ke Rataye a Zanen Injin Yanka

A shekarar da maɗaba'ar bayan kasuwa ta sayo tsohon injin yanka takarda mai aiki da lantarki, a shekarar ne Ban-yarda-ba ya fara haɗuwa da Mahauci. Sunaye ne na wurin aiki. Mahauci takarda yake yankawa tun ana yi da ƙarfin damtse. Shi kuwa Ban-yarda-ba mai gyaran lantarki ne, an ɗauke shi aikin gwaji, kuma halinsa ne ya ja masa sunan. Ko maiɗakinsa ta kulle ƙofa, sai ya koma ya ja kwaɗon ya ji. Takan ce, "Malam, ni ma ka zo ka ja ni ka gani ko ina nan."

Aka girka injin, ya haɗa masa wuta, ya danna makunni. Shiru. Fis lafiya, wayoyi lafiya. Ya buɗe murfin akwatin wuta, inda masu ƙera inji na wancan zamani kan manna zanen wayoyi, tsaf, kowace waya da lambarta. Ya bi layi da yatsa har ya ci karo da wata alama: makunni ne a buɗe, amma daga jikinsa wani ɗan sanda ya sauko, da ɗan ƙwallo rataye a ƙarshensa. Bai taɓa ganin irinta ba. Da fitila ce, da an ja mata gicciye a ciki. Wannan kuwa fayau take.

Manaja ya leƙo. "Kai, littattafan makarantu na jiran yanka. In injin nan bai tashi yau ba, gobe kada ka wahalar da kekenka."

Ban-yarda-ba ya riga ya ji cewa ƙanen Mahauci ya nemi wannan aiki bai samu ba. Saboda haka da ya ga Mahauci na kewaya injin yana shafa shi, sai zuciyarsa ta ce, ga mai hannu a ciki. Har ya kanga zanen da kafaɗa.

"Ƙanena, me ka gani ne?" in ji Mahauci.

"Abin da ka gani."

"Ni da ban san waya ba sai ta shanya?"

Mahauci ya juya wajen manaja ya ce, "Yallaɓai, ko ya tashi yau ba zan yi yanka ba. Wuƙar ta dakushe, sai an kai ta wasawa." Ya kwance ta kuwa, ya naɗe a buhu. Ban-yarda-ba ya ga bakin wuƙar, ya san ko gashi za ta aske. Maimakon ya ji sanyi, sai ya ƙara tsarguwa: me wannan mutum yake nema da shi?

Da akwai hanya mai sauƙi, ya ɗauko guntuwar waya ya tsallake makunnin. Amma bai yarda ya tsallake abin da bai gani da idonsa ba. Ya karanta lambar wayar, ya kwanta rigingine a ƙarƙashin injin da tocila a baki, yana bin ta da hannu. Ta wuce motar da ke juya injin, ta bi ta bayan ƙafarsa, ta shige murfin tankin man da ke matse takarda. Ya kwance murfin. Ga ƙwallon nan, na tagulla, a kan sandansa, kwance a gindin tanki busasshe. Ashe mai ne ke ɗaga shi ya rufe makunnin, wuta ta wuce. In babu mai, injin ba zai yarda ya tashi ya ƙone famfonsa ba.

Da ya tsaya nan, da an rabu lafiya. Sai ya fito da baƙin maiƙo a goshi, ya ce a gaban kowa, "Yallaɓai, an zuƙe man. A tambayi wanda ke ta shafa injin tun safe."

Mahauci ya dube shi kawai. Manaja ya aika aka kira direban da ya kawo injin, shi kuwa ya ce, "Wa zai ɗora inji a mota da mai a ciki? Mu muka juye shi, yana cikin durom a bayan sito."

Aka zuba mai, injin ya tashi, aka tabbatar wa Ban-yarda-ba da aikinsa. Mahauci bai taɓa tayar da maganar ba, shi ma bakinsa bai iya ba da haƙuri ba. Haka suka tsufa a ɗaki ɗaya, ana gaisawa sama-sama.

Da idon Mahauci ya fara rauni, yankansa ya riƙa kaucewa layi, har ɗan manaja, wanda ya gaji kujerar, ya fara zancen sallama. Wata Litinin Mahauci ya zo ya tarar da siririyar fitila a bayan wuƙa, tana jefa zaren haske daidai inda bakin zai sauka. Ya yi yanka, ya fita cif. Maganar sallama ta mutu.

Ya sami Ban-yarda-ba yana naɗe waya. "Ƙanena, wa ya sa ka?"

"Waya ce ta yi saura," in ji shi, bai ko ɗago kai ba. "Kuma kada ka taɓa min ita da hannun maiƙo."