Zinariya Mai Ɗibar Ƙasa

Da hantsi za ka ga ta fito daga gidan mahaifinta a Madabo, hannu ɗaya riƙe da wani ƙarfe mai murɗawa, ɗayan da ledoji. Zinariya ke nan, 'yar Malam Nata'ala magini. Ta tsuguna nan ta ɗebi ƙasa, ta matsa gaba ta ɗeba, sannan ta tari motar jami'a. Digiri na biyu take yi, a kan yadda ƙasar cikin birni ke shan ruwa, tunda damina ta sauya hali: ta yi jinkiri, in ta zo kuma ta juye ruwan wata guda a wuni ɗaya. Karatun ya ja, don zamanin soja yau a buɗe makaranta, gobe a rufe. Sa'o'inta sun haifa sun yaye, ita tana shanya ƙasa a tsakar gida.

To, a garin nan mace ta duƙa a ƙofar gidan wani ta ɗebi ƙasa, kowa ya san fassarar. Binta mai ƙosai ce ta fara: "Sawun mutane take kwasa tana kai wa boka!" Mata suka riƙa kwara ruwa a ƙofa in ta wuce. Mai neman aurenta ya ɗauke ƙafa. Baƙin jinin muzuru, mai kaza zagi, marar kaza zagi. Ita dai ba ta fasa ba.

Da farar hula suka dawo, sabon kansila, Ɗanjuma, ya kawo shawarar a cike kududdufin unguwa a yanka shaguna. Kududdufin nan daga cikinsa kakanni suka haƙo ƙasar gini, shi ne kuma ke haɗiye ruwan lunguna duk damina. Aka taru a zauren mai unguwa, kai ya kusa haɗuwa, sai ga Zinariya da sallama, ɗauke da buta da gwangwani biyu masu huji a gindi, cike da ƙasa.

Ɗanjuma ya yi dariya. "Malama, yau kuma wa za a yi wa aikin?"

Ta ce, "Kai, ranka ya daɗe. Wannan daga ƙofar gidanka na yanko ta."

Ta zuba ruwa a gwangwanin farko, ƙasar gona ce daga bayan ganuwa, nan take ya tsiyaye. Ta zuba a na kansila, ruwa ya tsaya cak kamar a kwano. Ta ce ƙasar lungunan nan ta daina sha, sawu ya danne ta, ta zama kamar daɓe. In aka toshe kududdufi ruwa zai bi gangare, gangaren kuwa ta lungun kansila ya bi. Mai unguwa ya daɗe yana leƙen gwangwanin, sannan ya ce a bar maganar shaguna tukuna. Har yau "tukuna" ɗin ake ciki.

Daminar bana an yi ruwan da ya kayar da katangu a unguwannin da aka cike nasu kududdufan. A nan kududdufi ya cika ya batse, amma ya riƙe. Ba wanda ya je ya ba ta haƙuri. Mutane ba su saba ba.

Zinariya, ke ce kika sha zagi a kan ƙasar da masu zagin ke kwana a kai. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, ke kin tona. An gode, Allah ya saka da alheri, ya kawo miji mai hankali. 'Yan boko masu rubuta sauyin yanayi daga ofis, ku sunkuya ku taɓa ƙasa kamar yarinyar nan.

Shekaranjiya aka ga Binta mai ƙosai ta shiga gidan Malam Nata'ala da ƙunshi a gefen zane. Zogalenta ne ya ƙi girma. Da hannunta ta ɗebo ƙasar, daga ƙofar ɗakinta.