Shayin da Aka Miƙa wa Ƙanwata Kafin Ni

Mu biyu muka rage a ɗakin mahaifiyarmu, ni da autarmu. Tsakanina da ita akwai mutum uku, duk sun riga mu gidan gaskiya. Ni na goya ta, ni na ɗura mata koko, ni na yi mata kitson fari tana tsala ihu. Aure ya kai ta Maraɗi, harshenta ya karkata, ta koma cewa "mi" da "tahi", amma ko a waya ba ta taɓa kirana da wani abu ba sai Yaya. Na fara da wannan ne domin a san girman abin da aka yi mini a birnin Guangzhou na ƙasar China.

'Yata ce ke sarin takalma a kasuwar Zhanxi Lu, tana zuwa sau biyu a shekara, lokacin baje kolin Pazhou. A wannan zuwan ta ce in rako ta in ga duniya tunda ƙafata da sauran ƙarfi. Ita ma autar tamu tana sarin yadi da mayafai tana kaiwa Maraɗi, sai suka daidaita tafiyar ta zo ɗaya. Muka sauka masauki guda a unguwar Sanyuanli, hawa na tara, ɗakin da tagarsa ke kallon wankin mutane a rataye jikin sanduna.

Kaya suka haɗu, aka rufe kwantena, saura kwana biyar jirginmu ya tashi. Sai 'yata ta zo da magana. Ta ce akwai wani wurin wasa da masu shirya fina-finai suka gina, gari ne guda, da titunansa da masaukansa, tafiyar wuni a jirgin ƙasa mai gudun nan. A ciki ana nuna yadda ake yin ruwan sama na ƙarya da gobara ta ƙarya, ga dodanni na yawo ana gaisawa da su. Ta nuna mana a waya.

Na ce za ni. Ni da na shekara hamsin ina yi wa yara tatsuniya da baki kawai, in ce ga kogi su ga kogi, in ce ga dodo su ƙanƙame juna, ina so in ga mutanen da sai sun zuba siminti da ƙarfe kafin a yarda da labarinsu.

Wuni biyu muka yi muna shiri. Abinci na fara tambaya, domin ba zan je garin dodanni in ci abin da ban san wanda ya yanka ba. Muka ƙulla dambun nama da cincin da garin kunu. Na ce a sa buta a jaka, 'yata ta ce a yi da gorar ruwa, na ce a sa buta. Ta kawo mini kambas daga cikin samfurin takalmanta, wai wurin sai an yi ta tafiya. Na gwada a ɗaki, autarmu ta ce na yi kama da 'yan ƙwallo. Na ƙyale ta, domin ƙanwa tana da damar yin wasa idan ta san inda za ta tsaya.

Saura tikiti. A ƙasan masaukin akwai wata 'yar China mai ɗan ofis kusa da masu auna kaya, ita ke yankar wa baƙi tikitin jirgi da na irin waɗannan wurare. Kowa lawban yake ce mata, wato mai wuri. Mace ce da ta manyanta, tabarau rataye a wuya da zare. Bayan la'asar muka sauka mu uku. Ta ce a ba ta fasfo, domin a can fasfon mutum shi ne tikitinsa. Ta buɗe nawa, ta buɗe na autarmu, ta danna na'urarta. Sai ta tashi ta zuba shayi a 'yan ƙananan kofunansu, ta riƙe ɗaya da hannu biyu, ta wuce ni, ta miƙa wa ƙanwata.

"Jiye-jiye," in ji ta, har da ɗan sunkuyawa.

Sannan ta juyo ta ba ni nawa da hannu ɗaya, tana murmushi irin wanda ake yi wa yarinya. "Meimei."

Na dubi 'yata. Ta sunkuyar da kai tana gyara zip ɗin jakar da ba abin da ya same shi.

"Me ta ce?"

"Umma, gaisuwa ce kawai."

"Na san gaisuwarsu, nihau ce. Kwana goma ina jin ta. Me ta ce?"

Da ƙyar ta faɗa. Ashe su ma mutanen nan sun raba, suna da kalmar yaya suna da kalmar ƙanwa, ba kamar Turawa da ke cakuɗa su wuri guda ba. Jiye-jiye ita ce yaya. Meimei ita ce ƙanwa. Takarda ta ce autarmu ta girme ni da shekara huɗu. Saboda haka na'ura ta ba ta tikitin dattawa, mai ƙofa ta daban ba bin layi, ni kuma ta jefa ni cikin sauran jama'a.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba na'urar ba ce. Ina juyawa na ga kofi a bakin autarmu. Ta sha. Yarinyar da tun tana rarrafe ba ta taɓa sa hannu a akushi kafin ni ba, ta kurɓi shayi ina zaune da nawa a hannu, ta ajiye kofin, ta gyara zama.

"Sha mana, meimei," ta ce, "kar shi huce."

Na ajiye kofin a tebur. Na ce wa 'yata ta gaya wa matar an yi kuskure, ta gyara. 'Yata ta yi Turanci, ta yi magana a waya wayar ta juya zuwa yarensu. Matar ta sa tabarau, ta nuna lambobin da yatsa, ta girgiza kai. "Meyo." Wato babu. Wannan kalma na riga na san ta, ita suke faɗa a kasuwa in ka nemi lambar takalmin da ta ƙare.

Ni ban yi boko ba, ban taɓa sanin abin da ke cikin ɗan littafin nan ba sai hotona. Lokacin da za a yi mini shi don aikin Hajji, ma'aikacin ya tambaye ni yaushe aka haife ni. Na ce shekarar da rijiyar gidanmu ta rufta da akuya a ciki. Ya dubi fuskata ya rubuta abin da ya ga dama. Ita kuwa autarmu, marigayi mijinta ne ya sa aka ƙara mata shekaru domin ta samu tafiya Makka ba muharrami, lokacin ciwo ya kwantar da shi. Mu duka biyun ranar ɗaya ga watan farko na Bature aka ce an haife mu, kamar rabin mutanen da ke cikin jirginmu. To a kan wannan shaci-faɗi za a tsaya a ƙasar mutane a sauke ni daga matsayina.

"Ba za ni ba," na ce. "Ku je ke da sabuwar yayar tawa."

"Haba Umma, an riga an yanka."

"A manna shi a bango."

"Inna, don Allah ki yi mata magana," 'yata ta ce wa ƙanwata.

"Mi zan ce? Takarda ta yi magana." Tana dariya har mayafinta na zamewa. "Kuma Yaya ki tuna, ranar da anka yi miki fasfon ga, ke da bakinki kinka kira ni. Kinka ce ma'aikaci ya dube ki ya rage miki shekaru, wai jikinki bai nuna ba. Sati guda kina faɗi."

Na faɗa, ba zan yi musu ba. Amma lokacin ba wanda ya ce mini abin zai biyo ni har China.

Sai na ga in na tsaya jiran waya ta yi mini tafinta, haka za a tashi. Na miƙe. Na cire gyalena, na ɗauki jakar 'yata na ɗora a baya, na ɗaure ta da gyalen kamar goyo, ƙulli a ƙirji. Na nuna jakar, na nuna ƙanwata. Na yi jijjiga, na yi kukan jariri, na yi tafiyar yarinya mai ɗauke da abin da ya fi ƙarfinta. Sannan na yi ragon layya da ya tsinke igiya ya tunkuyo ni, na yi tangaɗi, na saki jakar ta faɗi ƙasa. Na je na ɗage ɗankwalin ƙanwata, na nuna wa matar tabon da ke gefen goshinta. Da Hausa nake ba da labarin tun daga farko, ban rage ko kalma ba. Masu auna kaya sun bar sikelinsu sun leƙo, har wani Bakano a cikinsu yana cewa a bar Hajiya ta ƙarasa.

Matar ta dafe baki. Ta nuna bayanta ita ma, ta yi jijjiga, ta ɗaga yatsu biyu. Ashe ƙanne biyu ta goya a ƙauyensu. Ta kwashe kofunan ta zubar, ta zuba sabo, ta kawo mini da hannu biyu.

"Jiye-jiye."

Na karɓa, na sha a hankali ina kallon ƙanwata, sai da na shanye aka ba ta nata. Amma da 'yata ta tambaya ko za a gyara tikitin, amsar ba ta sauya ba. Meyo. Mutum ya gane, na'ura ta ƙi.

Da muka koma ɗaki ban yi wa autarmu magana ba har aka yi magariba. Ita ta zo ta zauna a bakin gadona.

"Yaya, shekara sittin da wani abu ina shan saura. Kurɓi guda na yi."

"Kurɓi gudan a gaban baƙi kika yi shi."

Sai na gaya mata sharaɗina: zan je, amma ba za ta taka cikin wurin nan kafin ni ba, ko ƙofa goma suka buɗe mata.

Haka aka yi. Ranar da muka isa, layinmu ya yi lanƙwasa kamar hanji, rana a ka, kambas na matse mini yatsa. Ita ƙofarta ba kowa. Ina hango ta tsaye a bakin ƙofar da jakar dambu a hannu, ma'aikatan na yi mata alama ta wuce, tana ce musu meyo, tana nuna ni can cikin taro. Ta fi rabin awa a tsaye. Sai da na'ura ta kalli fuskata ta buɗe, na shiga na juyo, sannan ta shigo. Ban yi mata godiya ba, domin abin da ya kamata ta yi ke nan.

Ruwan saman nasu na ƙarya ya jiƙa ni da gaske, dodon kuma bai kai wanda nake yi wa jikokina da baki ba. Fasfon yana nan a ƙasan akwatina da ƙaryarsa a ciki. Na gaya wa 'yata ranar da za a sabunta shi da kaina za ni, kuma sai an saurari zancen rijiya da akuya har ƙarshe kafin a rubuta komai. Ita kuwa waccan, duk Juma'a sai ta turo saƙon murya daga Maraɗi, ta gaishe ni da Yaya yadda ya kamata, ta tambayi ƙafa, ta tambayi yara. Sai za ta kashe take rage murya ta ce, "A huta lahiya, meimei."